Sinadaran girma da kansa: shin allurar da ake yi bayan kemo ba ta ƙara wa ciwon ƙarfi?

Tambaya: Likita barka da aiki. Yayata ce ake wa maganin kansar mama, an ce mana irin tata HER2 ce, wai akwai wani sinadarin girma da ke sa ƙwayoyin kansar hayayyafa. To kuma bayan kowane kemo sai a yi mata wata allura mai suna filgrastim, da na bincika sai na ga ita ma wai sinadarin girma ce. Kaina ya kulle wallahi. Ba ƙara rura wutar ciwon ake yi ba kuwa? Kuma in dai waɗannan sinadarai ne ke sa kansa girma, me ya hana a toshe su gaba ɗaya kowa ya huta?

Amsa: Ƴar'uwa sannu da jinya, Allah Ya ba yayarki lafiya Ya sa kaffara ne. Bari in fara da allurar tunda na san ita ce ta hana ki barci. Kar ku daina ta. Sinadaran girma dangi ne babba, suna da yawa sosai, kuma kowanne da irin ƙwayoyin jikin da ke jin maganarsa. Filgrastim kwafi ne na wani furotin da jikinmu ke yi da ma, sunansa G-CSF, aikinsa ya je ɓargon ƙashi ya zaburar da ƙwayoyin da ke haifar da nutrofil, wato fararen ƙwayoyin jinin nan masu cinye bakteriya. Shi kemo duk abin da ke saurin rabuwa yake bi ya kashe, ɓargo kuma yana sahun gaba, shi ya sa wajen kwana 7 zuwa 14 bayan kemo nutrofil kan faɗi ƙasa warwas, a wannan tsakanin ƙaramin ciwon da ni da ke za mu share mu ci gaba da harkarmu sai ya kwantar da mai kemo a gadon asibiti, wani lokaci ma ya yi ajalinsa. Allurar ita ke gajarta wannan lokacin haɗari. Abin da ke tuƙa kansar yayarki kuwa HER2 ne, G-CSF ba ya kama shi ko kaɗan, hanyarsu ba ɗaya ba. Tun 1991 ake amfani da filgrastim, ba sabon abu ba ne. Abin da ta fi jawowa shi ne ciwon ƙashi, a ƙugu da baya da ƙirji, saboda ɓargo ya kama aiki ba ji ba gani. An kuma ga ɗan ƙarin haɗarin kansar ɓargo daga baya a wasu masu kansar mama da aka haɗa musu ita da kemo, amma kaɗan ne ƙwarai, in kika auna shi da haɗarin zazzaɓin ƙarancin nutrofil ba su ma yi kusa ba. In zafin jikinta ya kai 38 a kwanakin nan kar a jira gari ya waye, a tafi asibiti.

Amma fa tsoron naki ba shirme ba ne, akwai inda ya tabbata. Akwai wata allurar daban, iritropoyetin, ta ƙara jajayen ƙwayoyin jini, ita kam a 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta sa mata gargaɗi mafi tsanani saboda a wasu gwaje-gwaje masu kansar da aka ɗaga musu jini sosai da ita sun fi samun daskarewar jini, wasu ciwon ya fi saurin ci gaba. Shi ya sa likitocin kansa ke taka-tsantsan da ita har yau. Kin ga kenan ba a yi musu kuɗin goro, kowanne ana dubansa shi kaɗai.

To yanzu ainihin maganar. Mutane da yawa in sun ji sinadarin girma sai su ɗauka wani abinci ne ƙwayar kansa ke ci ta yi ƙiba. Izini ne. Ƙwayar jiki mai lafiya ba ta da ikon rabuwa biyu don kawai ta ƙoshi, dole sai saƙo ya zo mata daga waje cewa ana buƙatar ƙari, kuma wannan abu da ido ake ganinsa a ɗakin gwaji. Za ki ɗauki faranti na roba ki zuba ruwan reno mai launin ja-ja, akwai sukari a ciki, akwai gishiri da bitamin da amino asid, duk abin da ƙwaya ke buƙata ta rayu, ki shuka ƙwayoyin fatar mutum masu lafiya a ciki. Za su manne a ƙasan farantin su baje su yi lamo, ba su mutu ba, ba sa kuma ƙaruwa. Sai ki ƙara musu siram, ruwan da ke saura bayan jini ya daskare, yawanci na ɗan tayin saniya ake amfani da shi kashi 10 cikin 100, wajen kwana guda in kika leƙa madubin likita za ki ga wasu sun dunƙule sun zama ƴan ƙwallaye masu sheƙi, wasu sun tsuke a tsakiya suna shirin zama biyu. Suna cika farantin suka taɓa juna kuma sai su tsaya da kansu, shimfiɗa ɗaya tak. Yanzu ki yi irin wannan da ƙwayoyin kansa. Ki rage siram ɗin ya koma kashi 1 ko ƙasa da haka, da yawansu ko a jikinsu, suna ci gaba da rabuwa, in sun cika farantin su hau kan juna su yi tsibi-tsibi, ruwan ja-jan nan ya koma rawaya da wuri saboda asid ɗin da suke zubarwa. Duk wanda ya taɓa ganin farantan nan biyu gefe da gefe ba ya buƙatar dogon turanci.

Me ke cikin siram da babu a ruwan reno? A 1974 Russell Ross da abokan aikinsa suka nuna cewa babban abin daga filatilet yake fitowa, ƴan ɓarɓashin jinin nan masu toshe rauni, shi aka sa wa suna PDGF. Kuma in kin duba akwai hikima a ciki, kin yanke, filatilet sun taru sun toshe wurin, a lokaci guda sun saki saƙon da ke ce wa ƙwayoyin gefen raunin ku rabu ku cike gurbi. Rauni na warkewa saƙon ya ɗauke.

Tun kafin nan an riga an gano wasu sinadaran girma biyu. Rita Levi-Montalcini, ƴar Italiya, wadda a lokacin yaƙin duniya na biyu a ɗakin kwananta take gwaje-gwaje da ƙwan kaji saboda dokokin wariya sun hana Yahudawa aikin jami'a, ita ce a farkon shekarun 1950 a St. Louis ta lura cewa in aka dasa wani ƙarin ɓera a jikin ɗan tayin kaza sai jijiyoyin laka su yi ta tsirowa suna nufarsa, daga nan aka samo NGF, sinadarin girman jijiyoyin laka. Abokin aikinta Stanley Cohen kuma yana yi wa jariran ɓeraye allurar ruwan da ya tato daga gilan ɗin miyau na ɓera sai ya ga abin mamaki, idanunsu na buɗewa a kwana 6 ko 7 maimakon 12 zuwa 14, haƙora ma na fitowa da wuri. Ya bi diddigi har ya ware furotin ɗin a 1962, ɗan ƙarami ne mai amino asid 53, shi ne EGF. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1986. Shi wannan EGF ɗin ki riƙe sunansa, don HER2 na yayarki ɗan gidansu ne.

Ga yadda saƙon ke tafiya, nan ne kuma nake so ki nutsu don duk amsar tambayarki ta biyu a nan take. Sinadarin girma ba ya shiga cikin ƙwaya. A jikin fatar ƙwayar akwai wasu furotin masu karɓar saƙo, risefta muke ce musu, rabinsu a waje rabinsu a ciki. Irin masu wannan tsari guda 58 ne a jikin ɗan'adam. In EGF ya zo ya kama ɓangaren waje na riseftarsa sai ta canja siffa ta rungumi wata ƴar'uwarta su zama biyu-biyu, wutsiyoyinsu na ciki su haɗu su liƙa wa juna fosfet. Wannan fosfet ɗin shi ne alamar an kunna. Daga nan wasu furotin na ciki su zo su manne, su tada wani ɗan ƙaramin furotin mai suna RAS, RAS ya tada RAF, RAF ya tada MEK, MEK ya tada ERK, shi kuma ERK ya shige cibiyar ƙwaya inda DNA yake ya sa a fara ƙera cyclin D. Cyclin D ya haɗu da CDK4 da CDK6 su sauke wani mai gadi da ake kira Rb daga bakin ƙofa, ƙofa na buɗewa ƙwaya ta fara kwafin DNA ɗinta, in ta wuce wannan gaɓar kuma ko an janye sinadarin sai ta ƙarasa rabuwa. Arthur Pardee ne ya bayyana wannan gaɓa a 1974. A gefe guda akwai layi na biyu da ke tashi daga riseftar, PI3K zuwa AKT zuwa mTOR, shi kuma cewa yake kar ki mutu, ki ja sukari, ki ƙara jiki. Don ƙwaya mai lafiya in ta daɗe ba ta ji saƙon kowa ba tana iya kashe kanta ma, haka aka tsara ta.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda jiki ya fi ba da ƙarfi wajen kashe saƙon fiye da kunna shi. Risefta na kunnuwa ƙwaya ta haɗiye ta ciki ta narkar da ita ko ta wanke ta ta mayar. Akwai enzayim masu bi suna cire fosfet ɗin. RAS yana kashe kansa da kansa cikin ɗan lokaci. PTEN yana warware abin da PI3K ya ƙulla. Saƙon girma a jiki mai lafiya na ɗan lokaci ne, a wuri ƙayyadadde, sannan shiru.

Kansa kuma ta kowace gaɓa a layin nan tana iya ɓullowa. Wata ƙwayar sai ta koyi ƙera sinadarin da kanta ta kuma karɓa da kanta, ita ce mai aike ita ce mai amsa. Sporn da Todaro suka kawo wannan ra'ayi a 1980, a 1983 kuma aka gano cewa wani ƙwayar gado da bairos ɗin biri ke amfani da shi ya haddasa ƙari, ana ce masa sis, ashe kusan kwafin PDGF ne. Shekara ɗaya bayan nan, 1984, aka ga wani na bairos ɗin kaji mai suna erbB shi kuma riseftar EGF ce da aka gutsure mata kai, ta zauna a kunne dindindin. Waɗannan binciken biyu su suka haɗa masu nazarin girman ƙwaya da masu nazarin kansa a tebur ɗaya. A jikin mutum ma akwai misali tsaf, wata kansar fata da ba a cika gani ba, DFSP, inda kromosom biyu ke karyewa su haɗe ba daidai ba, ƙwayar gadon PDGF ta faɗa ƙarƙashin ikon ta kolajin, furotin ɗin da ke riƙe fata, wadda kullum a buɗe take, ƙwayar ta yi ta ambaliyar PDGF tana sha. In aka ba da imatinib, wanda ke toshe riseftar PDGF, ƙarin kan ja baya.

Na yayarki salonsa daban, kuma a nan zan ɗan gyara abin da aka faɗa muku. HER2 ba sinadarin girma ba ne, risefta ce, ƙanwar riseftar EGF, su huɗu ne a gidan, HER1 zuwa HER4. Abin sha'awa game da ita shi ne har yau ba a san wani sinadari da ke kama ta kai tsaye ba, ita kullum a shirye take da hannu a buɗe, jira kawai take wata ƴar gidan ta kunnu ta rungume ta, musamman HER3. A ƙwayar mama mai lafiya ba su fi dubu 20 ba, to babu matsala. Amma a kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kansar mama ƙwayar gadon HER2 kan ninku kwafi da yawa, sai ki samu har wajen miliyan 2 a fatar ƙwaya ɗaya, cunkoso ya yi yawa har suna gogar juna suna kunna juna ba tare da kowa ya aiko da saƙo ba. Kin ga ko da za a tsane duk EGF ɗin da ke jinin yayarki tas, waɗannan ba za su san an yi ba. Dennis Slamon na jami'ar California a Los Angeles shi ya nuna a 1987 cewa matan da ke da wannan ninki ciwonsu ya fi saurin dawowa, daga nan aka ƙera trastuzumab, wanda aka fi sani da Herceptin, antibodi ne, wato furotin irin na garkuwar jiki, da ke kama HER2 daga waje ya rage mata surutu ya kuma yi wa ƙwayar tambari don sojojin jiki su gane ta. An amince da shi a 1998, a 2005 kuma manyan gwaje-gwaje suka nuna in an haɗa shi da kemo bayan tiyata yana rage dawowar ciwon da kusan rabi. Irin kansar da a da likita ke jin faɗuwar gaba in ya ga sakamakonta yanzu tana cikin waɗanda aka fi samun makamin yaƙarsu.

A kansar huhu kuma sau da yawa yawan riseftar ba shi ne matsala ba, ɓangarenta na ciki ne ya samu sauyi a DNA ya maƙale a kunne. A 2004 aka gano haka, bayan an daɗe ana mamakin me ya sa maganin sha gefitinib ke yi wa ƴan tsiraru aiki kamar yankan wuƙa alhali mafi yawa ba ya musu komai. Ashe masu wannan sauyin ne. An fi samunsa a waɗanda ba su taɓa shan taba ba, da mata, kuma a gabashin Asiya ya kai kashi 40 zuwa 50 na irin kansar huhun da ake kira adenokasinoma, a Turawa kuwa 10 zuwa 15.

Sai mafi taurin kai, inda ɓarnar ta wuce riseftar gaba ɗaya ta sauka can ƙasa. Ki ɗauka fitilar ɗaki ce da makunninta a bango, in makunnin ne ya maƙale sai a gyara makunni, amma in wani ya haɗe wayoyin a sama bayan makunnin, ki yi ta danna shi har gobe fitila na nan a kunne. Haka RAS yake in ya samu sauyi, yawanci a amino asid na 12, sai ya kasa kashe kansa, ya yi ta aika saƙon a rabu ko da risefta na barci. Tun 1982 aka fara ganin wannan a ƙwayoyin kansar mafitsara, kuma wajen kashi 20 na duk kansar ɗan'adam na ɗauke da shi, a kansar fankiriyas, gaɓar nan mai yin insulin, ya kai wajen kashi 90, a ta babban hanji wajen 40. Shi ya sa cetuximab, antibodin da ke toshe riseftar EGF a kansar hanji, galibi ba a ba da shi sai an gwada an ga RAS lafiya lau, in ba haka ba an ɗora wa mara lafiya illar magani ne kawai a banza. Shekara kusan 40 ana neman abin da zai kama RAS ɗin kai tsaye ana kasawa, sai a 2021 aka samu sotorasib, shi ma nau'in sauyi ɗaya tak yake kamawa, G12C.

Kar kuma a ɗauka ƙwayar kansa ita kaɗai ke kiɗanta tana rawarta. Ƙari cike yake da ƙwayoyi masu lafiya da aka ja cikin aikin, faibroblas masu ƙera kolajin, ƙwayoyin garkuwar jiki, jijiyoyin jini, kuma da sinadaran girma ake yi musu magana su ma da su suke amsawa. Judah Folkman ya faɗa tun 1971 cewa ƙari ba zai wuce milimita 1 zuwa 2 ba sai ya samu jijiyoyin jini nasa, aka daɗe ana masa kallon mai mafarki. In tsakiyar ƙari ta rasa oksijin sai wani furotin mai suna HIF ya taru ya sa a saki VEGF, wanda Napoleone Ferrara ya ware a 1989, shi kuma VEGF ba ƙwayar kansa yake wa magana ba, jijiyoyin jinin da ke kusa yake kira su tsiro su shigo. Jijiyoyin da ake samu ta haka karkatattu ne masu yoyo. Harold Dvorak ya kwatanta ƙari da raunin da ya ƙi warkewa, kuma in kin tuna maganar filatilet ɗin nan za ki ga gaskiyarsa, kayan aikin ɗaya ne, bambancin kawai babu mai cewa ya isa. Bevacizumab mai kama VEGF ya fito a 2004 da babban buri, an zaci za a kashe kansa da yunwa, a zahiri amfaninsa matsakaici ne a yawancin wurare, a kansar mama ma hukumar Amurka ta janye amincewarta a 2011. Inda toshe wannan layin ya fi tasiri shi ne kansar ƙoda, saboda a can ƙwayar gadon VHL mai share HIF ce ta lalace tun farko, ciwon a kan VEGF ya ginu.

Akwai ma wanda ke da fuska biyu, TGF-beta. A ƙwaya mai lafiya da farkon kansa shi birki ne, cewa yake a tsaya. Sai ƙwayar kansa ta toshe kunnenta ga wannan ɓangaren, misali wajen rabin kansar fankiriyas sun rasa SMAD4 mai kai saƙon ciki, daga nan kuma a kansoshi da yawa TGF-beta ɗin ya koma taimaka wa ciwon, yana kwantar da sojojin jiki, yana sa ƙwayoyi su saki juna su fara yawo. Wanda zai toshe shi sai ya tambayi kansa a wane mataki.

To me ya hana a toshe su duka? Na farko jikin mai lafiyar ma da su yake rayuwa. Fata, cikin hanji, ɓargo, kullum sabuntawa suke. Masu shan maganin toshe riseftar EGF mafi yawansu sai ƙuraje sun feso musu a fuska da ƙirji kamar na balaga, ga gudawa, ga tsagewar gefen farce, wannan fa layi ɗaya kenan aka taɓa. Masu karɓar maganin VEGF jininsu kan hau, rauni ya ƙi warkewa da wuri, shi ya sa ake dakatar da shi makonni kafin tiyata. Na biyu kin riga kin gani, sau da yawa ɓarnar tana ƙasa da inda sinadarin yake. Na uku kuma abin da ya yi kyau a faranti ba lallai ya yi a mutum ba, wani sinadarin girma mai suna IGF-1 ya koya mana wannan. Hujjojin sun yi kyau matuƙa, har akwai wasu mutane a kudancin Ekwado masu ciwon Laron, gajeru ne saboda jikinsu ba ya jin homon ɗin girma don haka IGF-1 ɗinsu ƙasa yake sosai, an bi kusan mutum 100 daga cikinsu sama da shekara 20, a rahoton 2011 mutum ɗaya ne kawai ya yi kansa kuma ba ta kashe shi ba. Kamfanoni suka yi rububin ƙera magungunan toshe riseftar IGF-1, manyan gwaje-gwajen suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ni a ganina rashin samun kansa tun farko daban, warkar da wadda ta riga ta kafu daban, kuma duk lokacin da kika ga labari a intanet wai an gano sinadarin da ke sa kansa girma saura kaɗan a gama da ita, ki tuna da IGF-1.

Na huɗu shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, ciwon na canja hanya. Ƙari ɗaya ƙwayoyi ne biliyoyi kuma ba duka suke iri ɗaya ba, magani ya kashe masu jin sa, ƴan tsirarun da ba sa ji su samu fili. Masu kansar huhu da ke shan gefitinib ko erlotinib galibi wajen shekara guda ciwon kan dawo, a fiye da rabinsu an samu sabon sauyi mai suna T790M da ke hana maganin zama a gurbinsa, aka fito da osimertinib a 2015 don shi, shi ma daga baya ciwon ya samo masa wata dabarar. Wasu kuma ba sa ma taɓa riseftar EGF ɗin, sai su ninka wata daban mai suna MET su bi ta can su isa layin ƙasa ɗaya. Wani misalin da nake so shi ne na BRAF, ɗaya daga cikin RAF ɗin nan da RAS ke tadawa. Sauyinsa mai suna V600E yana cikin kusan rabin melanoma, kansar fata mai tsanani, kuma vemurafenib na 2011, maganin toshe BRAF, ya yi aiki a can sosai. Aka gwada shi a kansar hanji mai sauyi iri ɗaya sak, shiru. A 2012 aka gano dalili, a ƙwayar hanji kana danne BRAF sai riseftar EGF ta farka da ƙarfi ta cike gurbin, ita kuwa ƙwayar melanoma ba ta da riseftar da yawa. Da aka haɗa biyu, encorafenib mai toshe BRAF da cetuximab, sai aka ga amfani, aka amince da haɗin a 2020. Shi ya sa yanzu tunanin ya koma kan haɗa magunguna, a HER2 ma ana ƙara pertuzumab wanda ke hana ta rungumar HER3, ko kuma a ɗaura wa trastuzumab ɗin guba a jiki ya kai ta har cikin ƙwayar, irin su T-DM1 da trastuzumab deruxtecan, nan an mayar da yawan riseftar ya zama adireshin kai saƙo.

Game da yayarki akwai abubuwan da ya kamata ku sani a hannu. Ku duba takardar gwajin tsokar da aka ciro, za ku ga an rubuta HER2 da lamba, 3+ shi ne tabbatacce, in 2+ ne sai an ƙara wani gwajin da ke ƙirga kwafin ƙwayar gadon kafin a yanke hukunci. Za ku kuma ga ER da PR, waɗannan na homon ne, istrojin da frojestaron, riseftocinsu a cikin ƙwaya suke ba a fatarta ba, in suna nan to akwai maganin homon da za a ƙara daga baya na shekaru. In ana ba ta trastuzumab, a ciwon da bai bazu ba yawanci shekara ɗaya ake yi, kuma tsokar zuciya ita ma tana amfani da HER2 wajen gyara kanta, shi ya sa ake hoton zuciya kafin a fara sannan a maimaita kusan duk wata uku, musamman in ta karɓi jan kemon nan doxorubicin. Mafi yawan raunin zuciyar da yake jawowa kan warware in an dakata da wuri, don haka in ta fara haki in ta ɗan yi tafiya, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai ta tada kai da filo, ku gaya wa likitanta a ranar, kar ku bari sai ranar da aka ba ku ta dawowa.